Yadda Na Kira Makware da Muryar Budurwa

Idonta na fara gani. Zagaye yake da ja kamar na wadda ta wuni tana kukan masoyi, ga wani baƙin layi da ya taso daga goshinta, ya ratsa idon, ya sauko ya kewaye wuya tamkar sarƙa. Ta karkato kai a hankali ta dube ni ta tsakanin wayar keji, ta ɗaga ƙafa ɗaya ja wur kamar an yi mata lalle, ta tsaya a haka. A littattafan soyayyar da na taso ina karantawa, daidai nan ne zuciyar saurayi take bugawa da ƙarfi. Tawa ma ta buga. Sai na ji murya a bayana.

"Kai, makwarwa ce. Ɗauki shebur ka kwashe kashinta."

Baba Inuwa ke nan, mutumin Gumel, kuma ranata ta farko ke nan a gonar Abu Fahad da ke kudu da Riyad, a shekarun da aka fara farfasa titunan birnin don jirgin ƙasa. Ku samarin da muke haɗuwa a unguwar Batha ranar Juma'a, masu tuƙi da masu ɗaukar bulo, maganarku kullum ɗaya ce: Musbahu ya huta, yana zaune a inuwar dabino yana watsa wa tsuntsaye alkama ana kiransa ma'aikaci. To ku gyara zama.

Abu Fahad shi ne kafilina, da sunansa aka yi mini iƙama, wato takardar izinin zama. Mutumin kirki ne, sai dai yana da ciwo ɗaya, sunan ciwon Sikotlan. Can ya yi karatu yana saurayi. Wata rana aka gayyace shi gandun wani mai ƙasa, ya ga yadda suke farauta: a yi kiwon tsuntsaye tun daga ƙwai, a sake su a daji, ranar farauta mutane su jeru da sanduna su koro su, tsuntsayen su tashi su bi ta saman manyan baƙi da ke tsaye a layi da bindigogi. A can ya haɗu da wani tsoho mai tsaron dajin, wanda ya ba shi labarin yadda kakanninsa suka rayu. Mai ƙasa yakan ba mai tsaro ɗan gida, da ɗan fili ya noma ya riƙa biya da wani kaso na amfanin, da kwat da wando na ulu duk shekara, da gawayin jin ɗumi. Abu Fahad ya dawo gida da wannan labari a ƙirjinsa, ya riƙe shi shekaru, da ya samu hali ya ce sai ya yi irinsa. Bai rage komai ba.

Saboda haka a makon farko aka miƙo mini kwat mai kaurin bargon doki, da wando mai tsayawa a gwiwa, da safa mai kaiwa gwiwar, da wata hula mai baki biyu, ɗaya gaba ɗaya baya, ta yadda ba a sanin ko zuwa kake ko tafiya. Aka sauke mini buhun gawayi a ƙofar ɗaki. A Riyad fa, a watan da in ka taɓa ƙofar mota sai ka yi salati. Ba zan yi wa kwat ɗin ƙarya ba, akwai 'yan makonni na sanyi da nake sa masa albarka. Amma Abu Fahad yana so a sa shi duk ranar da aka yi baƙi, kuma baƙi ba sa duba yanayi. Shi Baba Inuwa tun farko ya ce in dai zai sa, a haɗo masa da likkafani. Nasa kwat ɗin kaji ne suke ƙwai a kai.

Filin kuwa na gaske ne. Baba Inuwa ya daɗe a gonar yana kula da dabino tun kafin a yi mafarkin tsuntsaye, kuma shi aka fara bai wa kusurwar da ke kusa da rijiya. Da na zo ya yanka mini rabi. Rama, yakuwa, kuɓewa, lalo, zogale a gefe. Kashi ɗaya cikin uku na gidan maigida ne. Lalo suna so ƙwarai, rama kuwa tumaki suke bai wa, abin da har yau Baba Inuwa bai yafe ba. A tsakiyar filin akwai wata 'yar bishiya mai kumburarren gindi, tsayinta iya ƙirjinsa. Kuka ce. Da ƙwallonta ya zo daga Gumel a cikin naɗin hularsa. Lokacin sanyi bargonsa yake lulluɓa mata. Bai taɓa tsinkar ganye ɗaya ba, ya ce sai ranar da ta fi shi tsawo zai sha miyarta.

Aikin ƙwai shi na fara koya. Injin ƙyanƙyasarmu tsoho ne, ba ya juya ƙwai da kansa. Kowane ƙwai sai ka yi masa alama da fensir, gicciye a wannan gefe, zagaye a wancan, ka juya su ɗaya bayan ɗaya safe da rana da yamma, da yatsu masu tsabta, ba tare da ka girgiza ba. Bayan mako guda ka shiga ɗaki ka rufe taga, ka haska kowanne da fitilar waya. Mai rai za ka ga jijiyoyi kamar saƙar gizo. Marar rai fes yake, kuma in ka bar shi zai fashe ya ba ka labari. Na taɓa barin ɗaya. Kwana uku Baba Inuwa yana cin abinci nesa da ni.

'Yan tsakin makwarwa ba su fi babban yatsa ba, kuma tun daga ranar da suka fito neman hanyar mutuwa suke yi. Ruwan da bai kai gaɓar yatsa ba zai cinye su, don haka sai ka zuba tsakuwa a mazubin ruwa. In sun ji sanyi su hau kan juna su danne na ƙasa. In keji yana da kusurwa su cunkushe a ciki, sai ka lanƙwasa kwali ka mai da shi zagaye. Sannan ga maƙiya. Yanyawa tana haƙa ta ƙarƙashin shinge, don haka waya sai an binne ta iya gwiwar hannu an lanƙwaso bakinta waje. Ga muzurun jeji, ga maciji, ga hankaka. Kowace yamma Baba Inuwa yakan sa ni in share yashin da ke kewaye da kejin da reshen dabino har ya yi sumul. Da safe mu zo mu duba.

"Karanta mini," in ji shi. "Ai ka ce kai makaranci ne."

"Wannan sawun kyanwa ne, Baba."

"Kyanwa mai farce a waje? Ubanta kare ne? Yanyawa ce, kuma ta tsaya a nan ta yi tunani. Kawo tarko."

Amma babbar dokar sana'ar ɗaya ce, kuma ya faɗa mini ita tun ranar da ya kama ni ina kallon Nusaiba. Haka na raɗa wa makwarwar nan ta farko.

"Ka ji da kyau. Tsuntsun farauta dole ya ƙi mutum. Kada ya san fuskarka, kada ya san muryarka, kada ka raɗa masa suna. Ka zuba abinci ka ɓace. Wanda ya saba da kai kaza ce, kuma ba wanda zai zo daga Riyad da bindiga don ya harbi kaza."

Na ce to. Sunan dai na riga na raɗa.

Shekarar farko ita ce mummunar shekara. Ranar wata Juma'a a tsakiyar zafi muka tafi masallaci, wutar ɗakin 'yan tsaki ta ɗauke, na'urar sanyaya ɗakin ta tsaya. Kafin mu dawo aikin wata uku ya kwanta. Da kwandon dabino muka kwashe su. Manyan da ke waje, irin su Nusaiba, su kaɗai suka tsira. Abu Fahad ya riga ya gayyaci 'yan'uwansa da abokansa, ya cika musu kunne da Sikotlan, dole ya janye. Yayansa, wani mai tumbi da dariya kamar ana tayar da babur, ya mai da shi abin hira a majalisa.

Bayan kwana biyu Abu Fahad ya zo da wata takarda a naɗe, ya shimfiɗa ta a kan mota. Zanen gidan shaƙatawa ne irin wanda ake bayarwa haya, da wurin wasan yara da tafkin wanka.

"Ya Inuwa, ya Musbahu, shekara ɗaya na ƙara muku. In farauta ta yi, mafi mushkila, ba matsala. In ba ta yi ba, halas, magana ta ƙare. In baje wannan gefen duka, ku kuma ku tafi gida."

Baba Inuwa ya sunkuya ya dubi zanen. Bai iya karatun boko ba, amma ya iya karatun ƙasa. Ya ɗora yatsa a tsakiyar tafkin.

"Nan ina ne?"

Kan kukarsa ne daidai.

Shekara ta biyu muka yi aiki kamar masu neman aure. Aka sayo janareto, muka daina zuwa masallaci ɗaya a lokaci ɗaya. 'Yan tsaki suka rayu, suka yi gashi, muka sake su a cikin gonar ciyawar da ke tsakiyar gandun, inda akwai ƙayoyi da wurin ɓuya. Daga nan aikin shi ne a riƙa zuba musu alkama a wuri ɗaya, lokaci ɗaya, don kada su watse. Sai kakar dabino ta kama, Baba Inuwa ya koma saman itatuwa daga safe har la'asar, ciyarwa ta zama tawa ni kaɗai.

Ga inda na yi ɓarna. Akwai wani ɗan garinmu da duk ya dawo daga hutu yakan zo mini da littattafai daga Kano. Ni kuwa tun ina makaranta ban iya karanta soyayya a zuci ba, sai na furta, kuma kowa da muryarsa. Uban yarinya in yi masa kauri, saurayi in yi masa sanyi, budurwa kuwa in siranta murya har da shessheka. A ɗaki Baba Inuwa ba ya bari. A gonar ciyawa kuwa ba kowa. Sai in kifa bokiti in zauna, buhun alkama a gefe, in na juya shafi in watsa hannu guda. In an zo wurin da yarinya ke kuka, hannuna yakan yi nauyi, in watsa biyu. A raina cewa nake ai ba da su nake magana ba. Wata biyu ina haka.

Saura mako uku farauta muka yi gwaji. Aka aro ma'aikata daga gonakin maƙwabta, 'yan Sudan da 'yan Bangaladash, kowa da sanda an ɗaura mata farar leda. Suka jeru suka shiga ciyawa suna ihu suna kaɗa leda. Ni ina tsaye inda baƙi za su tsaya, cikin kwat. Ciyawa ta motsa. Makware suka fito a ƙasa, a layi, cikin natsuwa kamar masu zuwa ɗaurin aure. Ko ɗaya bai buɗe fiffike ba. Suka kewaye ni suka ɗaga kai suna jira. Nusaiba ta yi tsalle ta hau bakin hulata na gaba.

Baba Inuwa ya iso yana haki.

"Me ka yi musu?"

"Ban yi musu komai ba, Baba."

"Musbahu, akwai makwarwa a kanka."

"Ɗan karatu ne kawai nake yi in na zo."

"Karatu! Na ce kada su san muryarka, kai ka buɗe musu makaranta! Wane irin karatu?"

"Na Hausa."

"Na 'yan matan nan masu kuka a bangon littafi? Inna lillahi. Bishiyata za ta tafi saboda wani ƙato ya ƙi auren wata a takarda!"

Ya yi faɗa ranar har ya wuce misali, yana yi yana kallon gefe. A lokacin ban lura ba.

Maganin da ya kawo na mutanen ƙauyenmu ne. Washegari muka shiga kasuwar tsuntsaye ta Aziziya muka sayo zabi goma sha biyu. Ku da kuka tashi a birni ba ku san zabo ba. Ko kaza ce ta ƙyanƙyashe shi ba ya yarda da kowa, inuwarsa ma tsoro take ba shi, kuma in ɗaya ya ƙwala ihu ya tashi, duk mai fiffike a wurin sai ya bi shi. Muka zuba su cikin makware. Aka hana ni buɗe baki a kusa da gonar ciyawa, ko tari ne sai na je bayan rijiya. Cikin kwana goma makwaren da ke tafiya kamar amare suka koma firgitattu. In zabo ya yi ihu sai ka ji fuuu, sama ta yi duhu. Baba Inuwa ya fara tafiya yana wasa da carbi.

Ranar farauta da sanyi aka tashi, kwat ya yi rana. Tun jiya ba mu ba tsuntsaye komai ba, haka ƙa'ida take, don su zauna inda ake so. Motoci suka cika gona. Aka jera baƙi a gabas, kowa a bayan damin ciyawa, fararen riguna da jajayen rawuna suna ta kaɗawa a iska. A cikinsu akwai wani Bahaushe, Alhaji Kabiru, ma'aikacin ofishin jakadancinmu, abokin Abu Fahad. Ya dube ni daga hula har safa.

"Sannu Malam. Mutumin ina ne?"

"Kano, ranka ya daɗe."

"Ikon Allah. Wa ya yi maka wannan aika-aikar?"

"Kayan aiki ne, ranka ya daɗe."

"To Allah ya ba da lada."

Abu Fahad ya ɗaga lasifikar hannu da ya saya musamman don ranar, ya ce, "Yalla!" Masu kora suka taso daga yamma. Zabo ya yi ihu. Sama ta yi duhu.

Abin da ba mu lissafa ba shi ne zabo yana da ido. A gwaji ni kaɗai nake tsayawa a gabas. Yau kuwa mutum ashirin ne cikin farare, ga motoci suna walƙiya. Zabin suka taso, suka hango wannan taro, suka yi kwana a sama kamar an ja su da igiya. Suka bi ta kan masu kora, suka haye katangar yamma, makware duka a bayansu, suka sauka a fakon maƙwabcinmu. Ko harsashi ɗaya ba a harba ba. Wani ɗan Bangaladash ya ci gaba da kaɗa ledarsa shi kaɗai.

Sai babur ya tashi. Yayan Abu Fahad ne yake dariya, yana tambaya ko a Sikotlan ma iska ake harbi. Abu Fahad ya ajiye lasifikar a kan mota a hankali. Ya dubi Baba Inuwa ya ce, "Halas." Ya juya zai tafi wajen masu dafa gahawa.

Baba Inuwa bai dubi maigida ba, wajen rijiya ya duba. Sannan ya matso kusa da ni ya yi ƙasa da murya.

"Littafin yana jikinka?"

Yana jikina. Kwat ɗin yana da wani babban aljihu a ciki wanda aka yi don saka tsuntsun da aka harbo, ni kuwa na san abin da ya fi dacewa da shi.

Tsoho ya ruga ya tare Abu Fahad, da Larabcinsa na gona ya roƙe shi minti goma. A mai da baƙi kusa da katangar yamma, su fuskance ta. Abu Fahad ya ɗaga kafaɗa, abin kunya ai ya riga ya faru. Aka mai da su. Ni aka ɗora ni a bayan a-kori-kura can bayansu, bindigogi suna tsakanina da katanga, aka miƙo mini lasifika.

Sai a lokacin na gane abin da zan yi. Katangar doguwa ce, duk wanda zai dawo sai ya tashi sama, kuma saman nan ta kan bindigogi ta bi. Nusaiba tana cikinsu. Na dubi katanga, na dubi tsohon da ke riƙe da ƙofar mota da hannu biyu. Na buɗe littafi inda ya buɗu na fara, da muryata ta maza, wurin da uban yarinya yake faɗa.

Shiru. Baƙi suka fara waiwayowa.

"Ba nan ba," in ji Baba Inuwa. "Babi na tara. Inda take kuka a bakin rijiya bayan ya hau mota. Kuma da muryar yarinyar."

Na sauke lasifika na dube shi.

"Baba, ya aka yi ka san babi na tara?"

"Ka zaci a saman dabino kurma nake? Karanta, kada ka dube ni!"

Wata biyu ashe yana bisa kaina, yana yankan dabino a hankali don kada ya wuce wurin. Ya san dokar da ake karyawa, shi ya kafa ta, amma yana so ya ji ƙarshen labari.

Na gyara hula, na siranta murya, na danna lasifika.

"Wayyo Yaya Nuraddin, ka dawo gare ni! Tun da ka tafi ko ruwa na sha toka nake ji. Wa ka bar wa ni? Ka dawo, ko da ba ka sona, in riƙa ganin takalminka a ƙofar gida!"

Na haɗa da shessheka. Lasifikar ta kai ta har gonaki uku. Na hango Alhaji Kabiru ya jingina bindigarsa da damin ciyawa, ya durƙusa, ya cusa bakin rigarsa a baki, kafaɗunsa suna rawa. Yayan Abu Fahad ya taɓa shi yana tambaya me wannan yake cewa. Allah ya saka wa Alhaji da alheri. Ya miƙe, ya share hawaye, ya ce da Larabci mai kyau, kirarin farauta ne na kakanninmu, ba ya fassaruwa.

Ban kai ƙarshen shafi ba na ji fuuu. Suka ɓullo ta saman katanga, da yunwar kwana guda da kewar mako uku, sama sosai, da gudu, tawaga bayan tawaga, daidai kan baƙi. Abu Fahad ya yi ihu da Turanci. Aka yi bismilla aka buɗe wuta. Ni ina karatu ina watsa alkama da hannun hagu, Baba Inuwa yana gudu da wuƙa yana yanka waɗanda suka faɗo da sauran rai, yana yi yana ce mini, "Ci gaba, ci gaba, me ya ce mata?"

Kada ku zaci an yi ɓarna. Baƙinmu sun fi iya sayen bindiga a kan harba ta. Abin da aka samu bai cika tire biyu na shinkafa ba, sai tankin ruwa da yayan maigida ya huda a wuri uku. Sauran makware suka sauka lafiya suka kewaye motar. Na duba cikin na ƙasa, na duba cikin na hannun Baba Inuwa, ban ga Nusaiba ba. Sai can na hango ta ta fito ta ramin magudanar ruwa da ke ƙarƙashin katanga, a ƙafa, ba ta ko sauri. Ta ratsa tsakanin takalman masu bindiga ta zo ta hau hulata. Zabi kuwa ba su dawo ba. Jikokinsu suna gonar maƙwabci har yau suna zaginmu ta kan katanga.

Abu Fahad ya rungume ni har kwat ya yi ƙara. Ya ce ko a Sikotlan bai ga tsuntsu ya zo da kyau haka ba. Takardar tafkin wanka da ita aka kunna gawayina aka gasa makware. Da za a tafi Alhaji Kabiru ya ja ni gefe.

"Malam Musbahu, asirinka a rufe yake. Amma ka ara mini littafin nan, Hajiya za ta so shi."

Tun daga shekarar haka muke farauta a gonar. A kora su waje da zabi, in dawo da su da babi na tara. Baƙi har bidiyo suke ɗauka, wasu sun haddace "Wayyo Yaya Nuraddin" suna faɗa wa juna in an yi harbi mai kyau. Saboda haka duk wanda ya ce aikina hutu ne, ga kwat nan a rataye. Ya zo ya juya ƙwai sau uku a rana, ya binne waya iya gwiwar hannu, sannan ya hau mota gaban manyan mutane ya yi kukan budurwa da lasifika ba tare da muryarsa ta karye ba.

Baba Inuwa ya ƙara shekara huɗu a gonar. Kukar ta fi shi tsawo, ko da yake ni ina ganin shi ne ya ranƙwafa ya taimaka mata. Ya tsinki ganye da hannunsa, ya shanya a inuwa, ya daka, muka yi tuwo. Ya cika gwangwanin madara da sauran garin, ya bar mini bargon lulluɓa ta, ya koma Gumel. Yanzu idonsa ya yi rauni, ba ya fita sosai. Duk Juma'a bayan la'asar sai wayata ta yi ƙara.

"Musbahu, zabin nan nawa sun ƙi shiga gida. Ɗan karanta musu, ga wayar nan na ajiye a tsakar gida."

Shi ya koya mini cewa zabo ba ya sauraron kowa. Ban taɓa tuna masa ba. Nakan kifa bokiti a gindin kukarsa in buɗe sabon littafi. Ba na jin kukan zabo ko ɗaya ta cikin wayar, sai numfashin tsoho kusa da ita. In na dakata don in sha ruwa, sai in ji ya yi tsaki.

"Wannan yaron ba shi da mutunci, yarinya tana ta wahala a kansa. Juya shafi."